Rijiyar da Aka Mayar Tsakiyar Gida

A wani gari can, wanda ba gabas yake ba kuma ba yamma ba, ana ce masa An-Yi-Maka, babu mai gina gidansa da hannunsa. Sarkin Tsari, mutum ne da tausayin talakawa ya yi masa yawa, shi ya duba ya ga jama'a suna shan wahalar tunani, sai ya kafa Hukumar Hutar da Jama'a, ya ɗora mata aikin gina wa kowa gida. Kai dai naka ka je ka karɓi makulli. Gida ne tsaf, da zaure da madafa da rijiya a kusurwa, an shafe bango da shuɗin fenti mai sanyaya ido. Abin da ba a gaya maka sai ka shiga shi ne, gidan da mutanensa yake zuwa.

A zaure za ka tarar da Dillali ya baje koli. Ba kai ka kira shi ba, tare da ginin aka kawo shi. A tsakar gida Mai Shawara ne a tsugune, da ka zauna gaban kwano zai matso ya ce, "Na ga kamar tuwo za ka ci. In nuna maka yadda ake yin loma?" Akwai Mai Tuni, aikinsa ya taɓa maka kafaɗa ya gaya maka abin da ka riga ka sani. A kan katanga kuma Mai Leƙe ne zaune yana kallon motsin kowa, da la'asar ya sauka ya kai labari fada, wai don a ƙara kyautata wa jama'a. Dukkansu a tukunyarka suke ci, shi ya sa tuwon gidajen garin ba ya isa, kuma komai a gida tafiyar hawainiya yake yi.

Duk waɗannan wasa ne in aka zo kan Magina. Magina ba sa sallama. Kana tsakiyar wanka, sabulu a ido, sai ka ji an ce, "Kowa ya fito, sabuntawa ta zo!" A kora ku waje a rufe ƙofa, wani ya tsaya yana juya ɗan yatsa a iska yana cewa, "Saura kaɗan, kada kowa ya taɓa komai." Saura kaɗan ɗin nan takan kai azahar, takan wuce la'asar. In an buɗe ka shiga, ka tarar madafa ta koma inda banɗaki yake, ƙofar ɗakinka ta koma buɗewa ta hagu, an kuma ƙara maka wani sabon baƙo da ba ka san aikinsa ba.

Wani abu kuma, a garin nan ba a karɓar "a'a". Ba wai an hana faɗa ba, kana iya faɗa wa matarka ko akuyarka. Amma ga ma'aikacin Hukuma amsa biyu ce kawai: "Na yarda," ko "Sai an jima." In ka ce sai an jima, to an jima ɗin za a dawo a sake tambaya, a yi ta dawowa, har ranar da za a ritsa ka kana sauri.

Kada mai karatu ya yi dariya da yawa. Duk wanda ya taɓa kunna na'urarsa da safe ya tarar an sauya masa wurin kaya, ya san hanyar garin nan ko ba a yi masa kwatance ba.

To, a garin akwai wani mai sayar da tabarmi, Badamasi, mutum ne da ko ƙafarsa ka taka shi zai ba ka haƙuri. Matarsa ta tafi garinsu wankan jego, gidan ya rage daga shi sai mahaifiyarsa, Inna Tabawa, wadda idonta ya daɗe da rufewa. Makanta ba ta hana Inna komai ba, don ta haddace gidan da tafin hannu da tafin ƙafa. Daga ƙofar ɗakinta ta dafa bango ta bi shi zuwa randa, daga randa ta saki bango ta ratsa tsakar gida kai tsaye zuwa inda take shan hantsi. In ka kuskura ka kama mata hannu, ranar sai ka gane kurenka. Takan ce, "Ido na rasa, ba ƙafa ba."

Ranar da abin ya faru, da hantsi Magina suka zo. Aka fito da kowa, Inna ta zauna a dakalin maƙwabta tana jan carbi, tsakanin tasbihi da tasbihi tana jan tsaki. Da aka buɗe ƙofa ta miƙe ta shige abinta. Badamasi kuwa Dillali ya tare shi a zaure yana ƙoƙarin cusa masa maganin sanyin ƙashi. Ɗaga kan da zai yi sai ya hangi uwarsa tana ratsa tsakar gida, ga bakin rijiya baƙi ƙirin a gabanta, a tsakiyar gidan cif, babu ko murfi. Bai san sanda ya tsallake kolin Dillali ba. Da bakin zane ya cafko ta, yatsun ƙafarta sun riga sun leƙa.

"Auta, lafiya kake fizgata kamar akuya?"

"Inna, rijiya ce a gabanki!"

"Rijiya tana kusurwa, bayan turmi. Tun da muka tare a gidan nan can take."

"An ɗauko ta, Inna."

Ta juyo da kunnenta wajensa. "Yanzu rijiya ɗauka ake yi?"

Mai Shawara ya matso da murmushinsa. "Sabon tsari ne, Inna. Majalisar Don-Amfaninka ta yi bincike, ta gano rijiya ta fi kyan gani a tsakiya. In bayyana miki sauran fa'idodin?"

"Kyan gani," in ji Inna. "To, Allah ya ba masu ido lafiyar kallo."

Ita ta mayar da abin wasa, amma ban da Badamasi. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, domin ya san uwarsa. Abin da kunnenta ya ji yau, gobe ƙafarta za ta manta da shi, ta bi tsohuwar hanya.

Nan da nan ya samo katakai ya rufe bakin rijiyar, ya ɗora dutse. Bai gama karkaɗe hannu ba sai ga wani ƙato da kulki ya fito daga bayan rumbu. Badamasi bai taɓa ganinsa ba, ashe tun tuni yana gidan yana cin tuwonsa.

"Ni ne Mai Tsaro. An gano baƙon katako a gidan nan wanda Hukuma ba ta tantance ba. An kawar da shi don kare lafiyarka."

Ya kwashe katakan ya yi gaba. Badamasi ya ɗaura igiya daga randa zuwa wurin shan hantsi, ta zagaye rijiyar, don Inna ta riƙa bi. Mai Tsaro ya fito ya tsinke ta, ya ce igiya na iya harɗe mutum ya faɗi. Da dabara ta ƙare, sai Badamasi ya mayar da kansa murfi. Ya shimfiɗa tabarma a bakin rijiyar ya zauna, ya daina zuwa kasuwa. Kwana da kwanaki yana nan, idonsa a kan rami, kunnensa a ƙofar ɗakin Inna. Mai Tuni yakan zo ya taɓa masa kafaɗa ya ce, "Maigida, ba ka je kasuwa ba." Hatsi ya fara ja baya a rumbu, baƙin Hukuma kuwa cinsu bai ragu ba.

Inna ce ta gaji. "Auta, ka tsare ni kamar wadda ta yi sata. Ka je ka gaya musu su mayar da rijiyarsu inda suka ganta."

Ai kuwa akwai wurin zuwa. Kowa a An-Yi-Maka ya san dokar da mai shela yake maimaitawa: gidanka naka ne, duk abin da ba ka so kana iya kashe shi a Ofishin Zaɓinka-Ne. Samun ofishin ne aiki. Badamasi ya kai Inna gidan maƙwabta, ya nufi bayan 'yan kifi inda aka ce masa yake. Can ya tarar da tsohon ofishi, aka ce masa ai an buɗe sabo. Ya je sabon, fari tas, faɗi kamar filin idi, amma babu komai a ciki sai kibiyoyi, ɗaya daga cikinsu ta mayar da shi tsohon. Sai da ya sha zarya takalminsa ya tsinke, sannan ya gano wata 'yar ƙofa a ƙarƙashin matakala, an rubuta mata "Ƙarin Wasu Abubuwa". A ciki Wakilin Zaɓi yake zaune, fuska a sake, bayansa bango ne cike da makunnai.

Badamasi ya durƙusa ya yi gaisuwa. "Ranka ya daɗe, so nake a kashe mini su duka."

"Zaɓinka ne, Malam Badamasi. Da wa za mu fara?"

"Dillali."

"Ka tabbata? Yawancin jama'a suna jin daɗinsa."

"Na tabbata."

Wakili ya latsa wani makunni. "Shi ke nan. Daga yau Dillali ba zai ƙara yi maka tallan abin da ya dace da kai ba."

"Alhamdu lillahi. Yaushe zai kwashe kayansa?"

"Wa ya ce zai kwashe? Zai riƙa yi maka tallan abin da bai dace da kai ba."

Badamasi ya ce, "Mai Leƙe fa?"

"Leƙe iri biyu ne, akwai cikakke, akwai na dole. In ka zaɓi na dole, zai rufe ido ɗaya."

"Wane idon?"

"Wannan kuma zaɓinsa ne. A garin nan kowa da haƙƙinsa."

Haka aka bi su. Mai Tuni ba a kashe shi, amma ana iya mayar da shi ya riƙa taɓa ɗaya kafaɗar. Mai Tsaro ana iya sallamarsa, sai dai kafin ka kai gida ya riga ka komawa. Da aka zo kan Magina, Badamasi bai jira ba, ya miƙe ya kai ɗan yatsa kan makunninsu da kansa. Ya latsa, ya sake latsawa, sai ya ji bango kawai yake dannawa.

"Ranka ya daɗe, wannan ai zane ne!"

"Makunni ne. Ba ka ga fentinsa ruwan toka ba? Alama ce an riga an zaɓa maka abin da ya fi alheri."

"To a mayar mini da rijiya kusurwa, na yafe sauran."

"Ayya. A tsohon tsari akwai makunnin matsar da rijiya, amma an cire shi, saboda bincike ya nuna jama'a ba sa taɓa shi."

"Ta yaya za su taɓa shi, alhali da can a kusurwar take?"

"Ka gani ko? Kai ma ka tabbatar da binciken."

Nan idon Badamasi ya kawo ruwa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, uwata ba ta gani. Wallahi in aka bar rijiyar nan, wata rana a ciki zan tsamo ta."

Wakili ya dafe ƙirji, tausayi ya cika masa fuska. "Allah sarki! Me ya hana ka faɗa tun farko? Ai muna da tanadi na musamman don masu lalurar ido." Ya latsa wani makunni da sauri, wannan kam na gaske ne.

Ko da Badamasi ya dawo gida da Inna, sai ya tarar da tanadin yana jiransu a tsakar gida: wani dogon mutum mai murya kamar ta ladan, ana ce masa Mai Bayyanawa. Aikinsa ya bi Inna yana faɗin abin da ke gabanta. Sai dai da yake shi ma ɗan gidan ne, a makare yake komai. Inna ta wuce randa ta kai ƙofar madafa, sannan ya kwarara murya, "Randa!" Ta buge goshi da ginshiƙi, ta zauna tana murzawa, sai ga shi, "Hattara, ginshiƙi!" A zaure kuma Dillali ya sauya kaya, yanzu komar kamun kifi yake tallata masa, da sirdin raƙumi, da jan baki. Mutum ya fita korar baƙi, ya dawo da ƙarin baki ɗaya a kan tukunya. Tirƙashi!

Sai Badamasi ya tuna da abokinsa Sallau, wanda ya yi fushi da garin ya koma bayan ganuwa, wata unguwa da ake kira Gina-da-Kanka. Washegari Inna ta ƙi zuwa gidan maƙwabta, ta ce ta gaji da zama a kan tabarmar mutane. Ta rantse masa za ta kwanta a ɗakinta, ba za ta taka tsakar gida ba sai ya dawo. Da wannan rantsuwa ya fita.

Ya sami Sallau a tsugune cikin wani kango mara rufi, gemu buzu-buzu, yana ta murna.

"Mutumina! Ka gaji da bauta ke nan? Ka dawo nan ka sha iska. Ba Dillali, ba Magina, ba mai leƙenka. Rijiya kuwa duk inda ka ga dama."

"Ina taku rijiyar take?"

"Muna kan shawara. Wasu sun ce mai zagaye, wasu sun ce mai kusurwa huɗu, har an rabu, kowa ya kafa unguwarsa."

"To ruwa fa?"

"Kowa yana da ikon haƙa tasa. Ai wannan shi ne 'yancin."

Badamasi ya ɗaga kai ya dubi inda rufi ya kamata ya kasance, ga hadari yana haɗuwa a gabas. Shi kaɗai da sai ya jure, amma ba zai kawo tsohuwa makauniya kango ba. Da Sallau ya ga haka, sai ya jawo shi gefe ya rage murya. Ya ce makunnan da Wakili yake nunawa na yara ne. A ƙarƙashin ginin Hukuma akwai Baƙar Ƙofa, can ba a latsa komai, magana ake yi da yaren Magina, kuma duk abin da ka faɗa shi ake aikatawa. Ya karanto masa wasu kalmomi masu tsawo, ya ce ya haddace.

"Me suke nufi?" in ji Badamasi.

"Share tarkace. Tas za su yi maka da gidan."

"Kai ka san yaren ne?"

"Haba, sai na sani? Wani ne ya ba ni, shi ma wani ya ba shi. Jama'a da yawa sun gwada, ban ji wanda ya dawo da ƙorafi ba."

Da Badamasi ya tsaya ya tambayi abin da ya hana su dawowa, da labarin nan ya ƙare a nan. Amma wanda ya kwana biyu yana gadin rami ba ya tsayawa irin wannan tambaya. Ya kama hanya yana maimaita kalmomin kamar mai tilawa, har mutane suna ba shi hanya.

Baƙar Ƙofa tana nan inda aka ce. Rana tsaka, amma ciki duhu ne, sai wata 'yar fitila da ke ƙiftawa tana jira. Mai gadin wurin ba ya murmushi, ba ya tallan komai. Badamasi ya tsaya ya zazzage kalmomin daga farko har ƙarshe bai yi tuntuɓe ba.

Mai gadi ya ce, "Ka san abin da ka faɗa? A nan sau ɗaya ake tambaya."

A duk faɗin An-Yi-Maka wannan ne kaɗai ma'aikacin da zai karɓi "a'a" ya ƙyale mutum ya tafi. Badamasi ya san bai sani ba. Amma yatsun ƙafar Inna a bakin rami suka faɗo masa a rai, sai ya ce, "Na sani."

Ƙasa ta ɗan yi gurnani, fitilar ta ƙifta, shi ke nan.

Kai, jama'a, ranar Badamasi ya ga gida! Zaure fayau, ba koma, ba sirdi. Katanga ba kowa, bayan rumbu ba kowa. Ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga kwano, babu wanda ya tambaye shi ko tuwo zai ci. Kafaɗarsa ta huta. Rijiya kuwa ga ta can a kusurwa, lafiya lau, kamar ba ta taɓa yawo ba. Daɗi ya kama shi, ya cire hula ya cilla sama, ya taka rawa a daidai inda ramin yake da.

"Inna! Fito ki ratsa gidanki, an mayar!"

Shiru. Ya sake kira, ya ɗaga labule. Ɗakin a share yake ƙal, ba gado, ba tabarma, ba Inna. Ya duba banɗaki, ya duba madafa, ya ga har akuya da tsohon turmi babu su. Ya ruga ya leƙa rijiyar, ruwa a kwance, fuskarsa kawai ya gani. Sai ƙafafunsa suka ɗauke shi da gudu, ba hula ba takalmi, zuwa ƙarƙashin matakala.

Wakilin Zaɓi bai yi mamaki ba. "Ai kai ka ba da umarni, Malam Badamasi. Cewa ka yi a share duk abin da ke zaune a gidan yana ci ko yana tare wuri, ba ya fita nema. An kuwa share."

"Uwata ce fa!"

"Baƙar Ƙofa ba ta san uwa ba. Kwantar da hankalinka, suna Rumbun Shara, ba a ƙone su ba tukuna. Sai rumbun ya cika ake ƙonawa." Ya ɗan yi tunani. "Ko da yake jiya na ji ana cewa ya kusa."

Rumbun Shara wani makeken shago ne a bayan gari, cike da duk abin da mutanen An-Yi-Maka suka taɓa zubarwa. A tsakiyar tarkacen Badamasi ya hango Inna Tabawa zaune a kan gadonta, ta rungume ƙullin kayanta, akuya a gefe. Dillali yana yi mata tallan jan baki, Mai Shawara yana tambayarta ko tana son a nuna mata yadda ake zaman jira. Ta ji takunsa tun daga nesa, ta gane shi.

"Auta," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Na cika rantsuwata, ban fito ba. Me na yi maka ka zubar da ni?"

Badamasi ya zube a gabanta ya kama ƙafafunta yana kuka kamar ƙaramin yaro. "Wallahi Inna ba ke nake nufi ba."

"To, ga ni dai."

"Kuka!" in ji Mai Bayyanawa, bayan an daɗe da farawa.

Badamasi ya miƙe zai goya ta, Wakili, wanda ya biyo shi a hankali, ya ɗaga hannu. Ya ce abin da aka share tare, tare ake mayar da shi, ba a tsince. In yana son tsohuwar, to da Dillali, da Mai Leƙe, da Mai Tsaro, da kowa da kowa. Sannan tun da gidan ya taɓu, dole Magina su shiga su ɗora shi a kan tsari mafi sabo kafin a koma.

"Ka san amsoshin," in ji Wakili. Daga bayan shagon kuma ana jin wani yana tambayar inda aka ajiye ashana.

"Na yarda!" in ji Badamasi. "Na yarda, ku dawo mini da su duka, don girman Allah!"

Wakili ya yafito mai shela. Kafin su kai gida gari ya ɗauka: ga mutumin da ya kori ma'aikatan Hukuma, yau ga shi da hawaye yana roƙon a mayar masa da su, saboda haka jama'a su shaida ba a tilasta wa kowa komai. Mutane suka fito ƙofar gida suna kallon ayarin, Badamasi a gaba riƙe da hannun uwarsa, wannan karon ba ta fizge ba. Bai ji kunya ba ko kaɗan. Zai koma gadin rijiyarsa, in ya so ya riƙa saƙa tabarmin a bakinta, ai uwarsa tana hannunsa.

A ƙofar gida suka tarar da mai juya ɗan yatsa. Suka jira, suka jira, har inuwa ta juya, sannan aka buɗe. Ƙa'ida ita ce kayan da aka mayar su ke fara shiga, maigida a ƙarshe. Aka shigar da gado da turmi, akuya ta bi, ma'aikata suka bi, aka zare hannun Inna daga nasa aka sa ta a zaure. Badamasi zai bi ta, Mai Tsaro ya gindaya kulki, ya ce sai an tantance cewa shi ne maigidan.

Shugaban Magina ya fito yana share gumi, ya miƙa masa hannu. "Albishirinka, Malam Badamasi! Mai Leƙe ya kai labarinka fada. Ya ce a duk garin nan babu mai son rijiya kamarka, kwana da kwanaki kana zaune a bakinta kana kallo, ko kasuwa ba ka zuwa. Majalisa ta ji daɗi ƙwarai, ta ce a faɗaɗa maka ita, kyauta."

Badamasi ya ce, "Har ina?"

"Daga ƙofar zaure ta ciki har bangon baya. Aiki ya yi kyau, sai ka gani."

Daga can cikin zaure muryar Inna Tabawa ta taso, muryar wadda ta gaji tana son ta kai ɗakinta. "Auta, a tsakiya ka ce take ko? To ta dama zan bi, ko ta hagu?"

Badamasi ya buɗe baki zai yi ihu, Mai Tsaro ya toshe shi da tafin hannu, domin ba a magana ana cikin tantancewa. Mai Shawara ne ya amsa daga kan katanga, da ladabinsa.

"Duk ɗaya ne, Inna. Taho."